Tsoka Nawa Ke Jikin Karfasa Da Tarwaɗa?

Garin Wudil sananne ne da kifi tun kaka da kakanni. Duk matafiyin da ya bi hanyar Kano zuwa Maiduguri ya san masu soye da banda na bakin gada. Amma tun da aka gama madatsar ruwa ta Tiga a 1974, da ta Challawa a 1992, ambaliyar da ke cika fadamu inda kifi ke hayayyafa ta ragu. Saboda haka kiwon kifi a tafki ya shigo, kuma karfasa da tarwaɗa su aka fi kiwo.

To, mai kiwo da awo ya ke sayarwa, amma mai ci tsoka ya ke nema. A nan ne lissafi ke ruɗa mutane.

In aka ɗora karfasa mai kilo 1 a sikeli, sa'an nan aka kankare ɓawo, aka cire kai da kayan ciki da ƙaya da fata, abin da zai saura tsoka zalla bai cika wuce giram 300 zuwa 350 ba. Watau kashi ɗaya cikin uku ke nan. Tarwaɗa ba ta da ɓawo, ƙayarta kuma kaɗan ce, don haka ta kan ba da wajen giram 400 zuwa 450. Da ma ta fi haka, sai dai ƙaton kan nan nata shi kaɗai ya kan cinye kusan rubu'in nauyinta.

Ga inda ɗan kasuwa zai lura. Alal misali ya sayi karfasa kilo 1 a kan naira dubu, ya yi alkawarin kai wa otal tsoka zalla. Lalle kilon tsokar nan ya tsaya masa a kan dubu uku, ban da ladan mai gyara da kuɗin ƙanƙara. In ya yi ciniki bai san wannan ba, uwar kuɗi zai ci. Haka mai banda: kusan kashi uku cikin huɗu na tsokar kifi ruwa ne, kilo 3 na ɗanye da ƙyar ya ke ba da kilo 1 in ya bushe sosai.

Wajen gina jiki kuwa, giram 100 na tsokar karfasa yana da furotin wajen giram 20, kitse kuwa giram 2 kacal. Tarwaɗar kiwo furotin ɗinta giram 16 zuwa 18 ne, amma ta fi maiƙo nesa, musamman wadda aka ɗura wa abinci. Idan an haɗa lissafin biyu, kilo 1 na kowaccensu zai ba da furotin tsakanin giram 60 da 81, wanda ya ishi magidanci mai nauyin kilo 60 yini guda har da saura. Mai son rage kitse ya nemi karfasa. Yaro ƙarami kuwa tarwaɗa ta fi masa, gama ƙayar karfasa tana da wuyar tsincewa.

Amma fa kada a ce sauran ɓarna ne. Bature ke zubar da kai. A Wudil kan tarwaɗa shi ne daɗin farfesu. Kayan ciki kuma in an dafa an shanya, abincin kaji ne.

Mai kiwo zai iya ƙara yawan tsokar. Karfasa uwar haihuwa ce, in aka bar maza da mata tare sai tafki ya cika da 'yan ƙanana, duk kai da ƙaya. Gara a zuba maza zalla, don sun fi saurin girma. Macen tarwaɗa in ta daɗe sai ta cika ciki da ƙwai, nauyi ya ƙaru amma tsoka ba ta ƙaru ba, saboda haka a kwashe ta in ta kai kilo 1, wajen wata shida. Kuma a hana kifi abinci kwana ɗaya kafin kamu, don kada mai saye ya biya kuɗin abin da ke cikin hanji.