Kududdufi da Dandali: Sabunta Gine-gine da Ambaliyar Ruwa a Unguwannin Kwarin Jakara na Birnin Kano

Tsakure

Wannan maƙala ta yi nazarin dangantakar da ke tsakanin sabunta gine-gine da yawaitar ambaliyar ruwa a unguwannin da ke kan hanyar kogin Jakara a Kano. An yi amfani da sunayen unguwanni da bayanan tarihi da tsarin ginin gargajiya domin nuna cewa kududdufai da filayen da ake kallo a matsayin wuraren da ba su da amfani su ne ma'ajiyar ruwan birnin tun asali. Maƙalar ta gano cewa cike su da gine-gine bai rage ruwan ba, hanya kawai ya sauya masa zuwa gidaje da kasuwanni.

1.0 Gabatarwa

Damina a Kano gajera ce. Mafi yawan ruwanta yana sauka ne tsakanin Yuni da Satumba, ya fi ƙarfi a watan Agusta, kuma sau da yawa yakan zubo ne kamar da bakin ƙwarya cikin ɗan lokaci. Lissafin abin mai sauƙi ne: milimita ɗaya ta ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya lita ɗaya ce. Ke nan idan ruwan milimita 50 ya sauka a kan hekta guda, lita 500,000 ce ke neman wurin zuwa. Inda ƙasa take a buɗe takan shanye wani kaso, inda kuwa aka rufe ta da kwano da siminti da kwalta, kusan dukkansa yakan gangara zuwa kwari. Tambayar da maƙalar ta sa a gaba ita ce: ina wannan ruwa yake zuwa a da, ina kuma yake zuwa a yau?

2.0 Shaidar Sunaye da Tarihi

Bahaushe yakan raɗa wa wuri suna bisa yanayinsa. A Kano akwai Tudun Wazirci da Tudun Nufawa da Tudun Wada, akwai kuma Kwarin Mabuga da Kwarin Gogau da Kantin Kwari. Waɗannan sunaye taswira ce da magabata suka bari, wadda ke faɗa wa mai gini inda ruwa ke barin wuri da inda yake kwanciya.

Jakara kanta tsohon suna ce a tarihin birnin. Kundin Tarihin Kano ya ambace ta a matsayin kurmi mai baƙin ruwa wanda mutanen farko na yankin Dala suke girmamawa. A gefenta aka kafa kasuwar Kurmi a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa (1463–1499). Clapperton da ya ziyarci Kano a 1824, da Barth da ya zo a 1851, duk sun yi bayanin wannan fadama da ta ratsa tsakiyar gari. Daga cikin birni ruwanta yake bi ta Fagge da gefen Sabon Gari, ya nufi arewa maso gabas har madatsar Wasai a ƙasar Minjibir. Duk unguwar da ke kan wannan hanya tana karɓar ruwan unguwannin da ke samanta ne, ban da nata.

3.0 Aikin Kududdufi a Tsarin Gargajiya

Kududdufi rami ne da aka haƙa domin ɗibar ƙasar gini. Daga cikinsa aka buga tubalin gidaje, aka ɗebi ƙasar yaɓe, aka kuma ɗaga badala. Shi ya sa ake samun manya daga cikinsu a gindin ganuwa, kamar na wajen Hauren Shanu da Hauren Wanki. Hikimar da ke cikin wannan tsari ita ce, gwargwadon yawan gidajen unguwa gwargwadon girman raminta. Ruwan da ya zubo ta indararo yakan bi kwata ya faɗa kududdufi, ya zauna yana tsiyaya cikin ƙasa, rijiyoyin unguwa su samu ruwa har rani.

Amfaninsa bai tsaya nan ba. A bakinsa ake wanki da shayar da dabbobi da kamun kifi da ɗan lambu. Idan ya ja baya da rani, gefensa yakan zama dandali na wasan yara da hirar matasa. Wato abin da masu tsara birane na yau suke rabawa biyu, magudanar ruwa da wurin shaƙatawa, wuri guda ne a tsohon birni.

Duk da haka, kududdufi yana da illolinsa. Matattarar sauro ne, yara suna nutsewa a cikinsa, kuma da aka daina ginin ƙasa aka koma bulo da siminti, sai da yawa suka zama juji. Wannan ne ya ba masu neman cike su hujja, har ma a wurin maƙwabtansu.

4.0 Sabuntawa da Sakamakonta

An taɓa yi wa Kano cikakken tsari, wato shirin Trevallion na shekara ashirin (1963–1983), amma bunƙasar birnin ta zarce shi. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta sanya filayen birane a hannun gwamna, don haka makomar kowane fili ta dogara ga ra'ayin gwamnatin da ke ci. Matakan ɓacewar kududdufi kusan iri ɗaya ne: a fara zuba shara, a biyo da ɓaraguzai, a yanka fuloti, a ɗora shaguna. Wanda ya samu fulotin ya amfana, asarar kuwa takan faɗa kan mutanen da ke gangare.

A wa'adin mulkin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu (2011–2015) an fara aikin rufe kogin Jakara da shimfiɗa titi a kansa, wanda aka fi sani da titin Wuju-Wuju, aikin da ya daɗe a tsaye bayan nan. Manufarsa ta tsaftace muhalli da rage cunkoso abin yabo ce. Sai dai magudanar kankare aikinta hanzarta ruwa ne, ba ta ajiye shi. Idan ruwan ya fi ƙarfinta, ko leda da yashi suka toshe ta, dole ya fantsama. Ambaliyar da ta shiga kasuwar Kantin Kwari a Agustan 2022, ta lalata atamfofi da yadudduka masu yawa, ta tayar da muhawara kan gine-ginen da aka yi a kan hanyoyi da magudanan kasuwar. A Yunin 2023 kuma gwamnatin Abba Kabir Yusuf ta rushe shagunan da aka gina a Filin Idi da wasu filayen jama'a, 'yan kasuwa suka garzaya kotu neman diyya. A duka lokutan biyu ɗan kasuwa ne ya ɗauki asara, sau ɗaya a hannun ruwa, sau ɗaya a hannun katafila.

5.0 Darasi

Wasu biranen da ke fama da ruwa sun koma ga dabarar da ta yi kama da ta kududdufi. A Rotterdam ta ƙasar Holan an buɗe dandalin Benthemplein a 2013: filin wasa ne mai zurfi, wanda ke cika da ruwa idan an yi mamako, sannan a tsiyaye shi a hankali. Kano ba ta buƙatar haƙa sabon rami, tana da sauran nata. Abin da ya rage shi ne hukumar tsara birane ta jihar ta ƙidaya kududdufan da suka saura, a ba su kariyar doka, a yashe su, a kewaye masu zurfi saboda yara, a dasa itatuwa a gefensu, a kuma sa masu unguwanni cikin kula da su.

6.0 Kammalawa

Maƙalar ta nuna cewa filin da babu gini a kansa a cikin kwari yana da aikin da yake yi, kuma an fi gane aikin bayan an rasa shi. Ta kuma nuna cewa sunayen wurare hujja ce da mai tsara birni zai iya dogara da ita. A nan manazarta Hausa suke da rawar takawa: tattara sunayen kududdufai da tarihinsu daga bakin dattawan unguwanni, tun kafin wuraren da masu tuna su su shuɗe tare.