Ƙashi Na Zo Koya, Me Ya Kai Ni Wasu Sassa?

Tambaya: Ina koyon tiyatar ƙashi a Sakkwato, amma sai zagayawa ake yi da ni wasu sassa. Ba ɓata lokaci ba ne?

Amsa: Likita, ko kusa. Ɗan kabu-kabun da aka kwaso da tsakar dare, karayar cinya ka gani, alhali wataƙila jini na taruwa a kansa ko cikinsa. Wanda bai zauna sashen gaggawa ba, ƙafar zai tsaya dubawa. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo yana da cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa, ka ci moriyarta. Kada kuma ka raina masu dashen fata, don su za ka nema ranar da ƙashi ya fito waje ba naman rufe shi. Duk aikin da ka shiga, rubuta a littafinka, babbanka ya sa hannu ranar.