Zuwa Masallaci Da Ƙaramin Yaro

'Yan'uwa Musulmi, sau da yawa uba yakan riƙo hannun ɗansa ƙarami zuwa masallaci, sai dattawa su yi masa ca, wai nan ba wurin yara ba ne. Shin wannan kora tana da tushe?

Imamu Malik da Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Ƙatada cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya yi salla yana ɗauke da jikarsa Umama, 'yar Zainab. In zai yi sujada ya ajiye ta, in ya miƙe ya ɗauke ta. A wata ruwayar Muslim ma limanci yake yi a lokacin. Hadisin nisantar da yara daga masallatai kuwa, wanda Ibnu Majah ya kawo, masana sun raunana shi.

Amma fa malamanmu na Malikiyya sun gindaya sharaɗi: yaron ya zama ba ya wasa, kuma in an kwaɓe shi zai bari. Wannan nauyi a wuyan uba yake. Ya sa shi ya kama ruwa tun daga gida, ya tsayar da shi a gefensa, kada ya sake shi a bakin ƙofa yana watsa takalman jama'a.