Lambobin da boila ke nunawa: me suke nufi, kuma yaushe ake kiran mai gyara?

Ɗalibin da ya kama haya a Birtaniya zai tarar da wani farin akwati manne da bango, galibi a kicin. Sunansa boila. Da iskar gas yake aiki, shi ke ɗumama ɗakuna da ruwan wanka. Idan ya samu matsala sai ya tsaya, ya nuna harafi da lamba a ɗan allonsa, kamar yadda burauza ke nuna 404.

Kowane kamfani da nasa lambobin. Don haka a fara duba sunan kamfanin da samfurin, sannan a nemi littafin na'urar a intanet.

Ƙarancin matsin ruwa

Vaillant na nuna F22, Ideal F1, Baxi kuma E119. Idan na'urar ta huce, allurar ma'auninta ya kamata ta tsaya tsakanin bar 1 da 1.5. In ta yi ƙasa, akwai ɗan bututun ƙara ruwa a ƙarƙashi: a buɗe shi sannu a hankali har allurar ta hau, a rufe. Idan matsin ya sake faɗuwa bayan 'yan kwanaki, ruwa na yoyo a wani wuri, ko wani sashe ya lalace. Aiki ya koma hannun mai gyara.

Wuta ta ƙi kamawa

Wannan shi ne F28 a Vaillant, EA a Worcester Bosch, E133 a Baxi. A duba ko kuɗin mitar gas ya ƙare. A tsananin sanyi kuma, bututun roba da ke fitar da ruwa waje yakan daskare. Ruwan ɗumi ke narkar da shi, ba tafasasshe ba. Daga nan a danna Reset sau ɗaya. In lambar ta dawo, a bar ta haka.

Inda ba a sa hannu

Kada a kwance murfin boila saboda an kalli bidiyo a YouTube. Doka ta ce mai rajistar Gas Safe kaɗai ke aikin gas, kuma yana da katin shaida da za a iya nema a gani. Mai haya ya sanar da mai gidan, domin gyaran da binciken shekara-shekara nauyinsa ne.

Idan aka ji warin gas, a buɗe tagogi, kada a taɓa makunnin lantarki, a fita waje a kira 0800 111 999. Iskar kabon monokside kuwa ba ta da wari, amma tana kisa. Ciwon kai da jiri da ke lafawa in an bar gidan alama ce: a kashe boilar, a fita, a ga likita.