Taya da Ɗaga Abin Hawa Daga Ƙasa: Shawarwari Ga Magidantan Jabo, Tambuwal da Kebbe

Duk wanda ya sauka daga kwaltar da ta taso daga Sakkwato ta ratsa Tambuwal ta nufi Jega, ya kama hanyoyin ƙauyukan Jabo, Dogon Daji, Sanyinna ko cikin ƙasar Kebbe, ya san wahalar da abin hawa ke sha. Da rani rairayi da gargada, da damina laka da zaizayar ruwa. Manyan motocin ɗaukar hatsi sukan haƙa layi biyu a hanya, tsakiya ta yi tudu, sai ka ji cikin ƙaramar mota yana gurzar ƙasa, salansa tana neman cirewa. Daga nan maigida zai nufi bakanike ko mai walda ya ce, "Malam, a ɗaga mini ita." Ɗagawa tana da amfani, amma tana da farashin da ba a faɗa wa mutum a gareji, kuma yawancin matsalar daga taya take farawa. Waɗannan shawarwari sun shafi motar gida, a-kori-kura, babur da amalanke.

1. Kafin ka ƙara tsawo, nemi wanda ka rasa. Motoci da yawa da ake kuka da su ba haka aka ƙera su ba, zama suka yi. Sifirin ya gaji, shokazoba ta zubar da manta, taya ba iska, ga buhu uku a but da mutum biyar a kujerar baya. Ka tsayar da motar ba kaya a wuri mai shafe, ka auna daga ƙasa zuwa bakin jikin mota da ke saman kowace taya. Idan baya ya fi gaba sunkuyawa sosai, ko gefe ɗaya ya fi ɗaya, sabon sifirin kake bukata. Shi kaɗai yakan dawo da tsawon da ake shirin biyan mai walda ya ƙirƙiro.

2. Koyi karanta ranar haihuwar taya. A gefen kowace taya akwai jerin rubutu da ya fara da haruffan DOT, ya ƙare da lambobi 4. Biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Idan ka ga 2319, an yi tayar a mako na 23 na shekarar 2019. Wani lokaci lambar tana gefen da ke kallon ciki, sai ka sa an juyo maka ita. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa tana faɗakar da direbobi cewa shekara 4 daga ranar ƙira ita ce wa'adin taya. Kamfanoni irin su Michelin kan ce daga shekara 5 a riƙa kai ta ana dubawa duk shekara, kada kuma ta wuce 10 ko da zanenta bai goge ba. A ƙasar da zafin watan Afrilu da Mayu ke haura digiri 40, ni ra'ayina shi ne a tsaya kusa da ƙaramin adadin. Roba tana tsufa ko ana hawa ko ba a hawa.

3. Tayar gwanjo sai da ido huɗu. Tun da Michelin ta rufe masana'antarta ta Fatakwal a 2007, Dunlop ma ta daina ƙira a Ikeja a 2008, kusan duk tayar da muke hawa daga waje ake shigo da ita, farashin sabuwa kuma yana bin dala. Dokar kwastam ta hana shigo da tsofaffin tayoyin ƙananan motoci, amma ga su nan jibge a kasuwa, kuma ba zan ce wa magidancin da ke auna kuɗin taki da na makaranta ya rufe ido ya sayi sabuwa huɗu a rana ɗaya ba. Idan ta kama dole, to ga abin dubawa.

Ka ɗaga ta, ka zura hannu ka shafa cikinta kewaye da kewaye. Faci babba, ko wurin da ya yi laushi, ko garin roba baƙi da ke zuba a ciki, alama ce an taɓa tafiya a kanta ba iska. Ka duba leɓenta da ke kama wili, domin masu fasa-ƙwauri sukan cusa taya cikin taya don rage kuɗin dako, wayar leɓen ta lanƙwashe, kuma Hukumar Kula da Ingancin Kayayyaki ta sha gargaɗi a kan wannan. Ka matsa gefenta da babban yatsa a hasken rana, ƙananan tsage-tsage za su buɗe idan ta bushe. Ƙullutu a gefe, komai ƙanƙantarsa, zaren ciki ne ya tsinke, wannan ba ciniki. Sannan ka nemi hoton dutse mai ƙololuwa 3 da alamar ƙanƙara a tsakiya. Galibi tayar hunturun Turai ce, robarta mai laushi ce don sanyi, a kwaltarmu kuwa da sauri take cinyewa, birki ma ba ya kama ta yadda ya kamata.

Zane kuma yana da ma'auni. A cikin kwarin zanen akwai ƙananan gadoji na roba masu tsawon milimita 1.6. Ranar da fuskar taya ta yi daidai da su, ta gama aiki. Mai shiga laka bai kamata ya jira wannan ranar ba.

4. Lambar kaya ta fi kyawun zane muhimmanci. Bayan girman taya za ka ga lamba da harafi, kamar 82T ko 91H. Lambar ita ce nauyin da taya ɗaya za ta iya ɗauka da cikakkiyar iska: 82 kilo 475 ne, 88 kilo 560, 91 kuma kilo 615. Ɗauki amalanken da aka ɗora wa tayoyin ƙaramar mota guda biyu masu lamba 82. Iyakarsu kilo 950, har da nauyin amalanken kanta. Idan aka loda buhun gero 10 masu kilo ɗari-ɗari, an riga an wuce iyaka tun yaro bai hau ba, kuma wannan lissafin na sabuwar taya ne. Ga a-kori-kura da bas da amalanken da ke dakon kasuwa, a nemi taya mai harafin C a ƙarshen girmanta, kamar 195R14C ko 195R15C, wadda yawanci ake rubuta wa 106/104. Irin wannan tana ɗaukar kilo 950 ita kaɗai, gefenta kuma ya fi jure kututture da dutse.

5. Taya mai tsayin gefe ita ce hanya mafi aminci ta samun tsawo, amma kaɗan take bayarwa. Idan an rubuta 195/65 R15, faɗin tayar milimita 195 ne, tsayin gefenta kashi 65 cikin 100 na faɗin, wili kuma inci 15. Tsayin wannan taya gaba ɗaya kusan milimita 635 ne. Idan ka koma 195/70 R15, ya zama 654. Bambancin ya kusa santimita 2, amma rabinsa ne kawai ke ƙarƙashin tsakiyar wili, don haka motarka ta tashi da kusan santimita 1. Kada ka raina shi, sau da yawa shi ne tsakanin wucewa lafiya da fasa kwanon baƙin mai. Masana taya suna ba da shawara kada ƙarin ya wuce kashi 3 cikin 100, wannan misalin kuma a bakin iyakar yake. Maleji zai riƙa nuna 100 alhali kana gudun 103, motar za ta ɗan yi nauyin tashi, mai zai ɗan ƙaru. Bayan an ɗaura, a sa mutane su shiga, a murɗa sitiyari har ƙarshe hagu da dama, a saurara ko tayar tana taɓa jiki.

6. Robar ɗagawa da ake sa wa a saman shokazoba tana ɗaga jikin mota, kuma santimita 2 zuwa 3 ya wadatar. Idan aka zarce, shaf ɗin gaba zai riƙa aiki a karkace, robarsa ta yage, rairayi ya shiga giris, sai ka fara jin ƙas-ƙas a kwana. Dole kuma a sake daidaita ƙafafun motar bayan aikin, in ba haka ba sabuwar taya za ta cinye ta gefe ɗaya kafin kaka. Masu Hilux da makamantanta su lura da wani abu: ƙara ganyen sifirin yana ɗaga bodi, amma dunƙulen da ke tsakiyar ƙarfen ƙafafun baya yana nan inda yake, shi ne kuma ke dukan tudun tsakiyar hanya. Ba abin da ke ɗaga shi sai babbar taya. Abin da nake roƙo a guje wa shi ne yanka ƙarfe a yi ƙari da walda a ƙafar motar da ke ɗaukar iyali, da cusa gutsuren taya a tsakanin zoben sifirin. Faranti mai kauri da aka ɗaure da noti a ƙarƙashin inji ya fi su amfani.

7. Amalanke tana da nata lissafin. Masu walda sukan mayar da sifirin saman ƙarfen ƙafa, ko su sa dungu a tsakani, don gadon ya tashi ya tsallake kunya da ruwan fadama. Gadon da ya tashi yana ɗaga nauyi sama, ga shi kuma lodin kara ko harawa dama tsawo yake yi. A gangaren gulbi ko inda ƙafa ɗaya ta faɗa rami, irin wannan amalanke ce ke kifewa, yawanci kuma yara ne a kanta. Idan ka ɗaga, ka rage tsawon lodi, ka sa kaya mai nauyi a ƙasa daidai kan ƙafafu. Ka kuma tsaya daga gefe ka duba sandar ja bayan an ɗaura shanu. Idan bayan amalanke ya tashi gaba ya sunkuya, nauyin ya koma kan karkiya, ba da jimawa ba za ka ga miki a wuyan sa. Tayoyin biyu su zama girma ɗaya. A buɗe boris a wanke a sa sabon giris kafin damina da bayanta, domin ruwan laka yana cinye shi ba tare da an ji ba.

8. Iska ba a auna ta da dukan ƙafa. Adadin da ya dace yana rubuce a takardar da ke manne a jikin ƙofar direba, ga yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 ne da 35 a ma'aunin mai faci. Lambar da ke jikin taya iyaka ce, ba abin da ake so a cika ba. A auna da safe kafin taya ta ɗau zafi, kuma kada a sace iskar tayar da ta yi zafi a hanya don an ga awon ya hau, idan ta huce zai sauka da kansa. Ƙarancin iska ga kaya ga kwalta mai zafi, su ne ke haɗuwa su fasa taya da rana tsaka. A rairayi mai zurfi ana iya rage iska kaɗan a tafi a hankali, amma a mayar da ita a wurin mai facin farko da aka tarar. 'Yan kabu-kabu da ke ɗaukar mutum biyu da buhu su riƙa duba tayar baya kowace safiya. Ƙaramin ma'aunin aljihu ba shi da tsada, ya kamata kowane gida mai abin hawa ya mallaki ɗaya.

9. Idan taya biyu kawai za ka iya saya, ka sayi iri ɗaya, ka sa su a baya. Mutane da yawa gaba suke kai su, amma idan baya ya zame a jiƙaƙƙiyar kwalta sitiyari ba ya ceto.

10. Ba kowace huda ake yi wa faci ba. Ƙusa ko ƙaya a fuskar taya, idan ramin bai wuce milimita 6 ba, a cire tayar a like ta daga ciki. Yanka a gefe ba ya gyaruwa, ko an ɗinke shi an sa tub a ciki. Irin wannan ta bar mota ke nan.

11. Wajen canza taya a hanya, a sauke kowa daga mota, a ja birkin hannu, a tokare sauran tayoyin da dutse. A ƙasa mai laushi a shimfiɗa katako mai kauri a ƙarƙashin jak, kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. A sassauta noti tun taya tana ƙasa. Wajen ɗaurewa a riƙa tsallakawa daga noti zuwa wanda ke fuskantarsa, a sake bin su bayan tafiyar kamar kilomita 50. Safaya ita ma taya ce, a duba shekarunta da iskarta.

12. Amalanke ko motar da za ta daɗe a ajiye, a kai ta inuwa, a ɗora ta a kan dutse ko kututture don taya ta huta, a rufe robar da tsohon buhu. Uwargida, tsohuwar tayar da aka jingine a bayan ɗaki tana tara ruwan sama, sauro kuma a nan yake ƙyanƙyasa. A huda ta, ko a cika ta da ƙasa, ko a ba masu yin takalmi. Kada a ƙona ta kusa da gida, hayaƙinta yana cutar da ƙirjin yara da tsofaffi.

Maigida, kafin ruwan farko ya sauka, ka tsuguna gaban kowace taya da ke gidanka, ka karanta lambobi 4 na ƙarshe, ka rubuta su a takarda. Wadda ta fi tsufa da ita za ka fara.