Kafin ka tace raɗar ƙwaƙwalwa

Ɗana, na ga zanen EEG, wato na lantarkin ƙwaƙwalwa, da ka aiko mini, na ga yadda ka tace shi har ya yi sumul. Sumul ɗin nan ne ya dame ni, shi ya sa na zauna rubuto maka.

Na'urarka waya ɗaya gare ta, manne a goshi sama da idon hagu, wurin da ake kira Fp1. Abin da take saurare raɗa ce, domin lantarkin ƙwaƙwalwa da ke isowa fatar kai bai cika wuce mikrobolt 100 ba. Ido kuwa ɗan batir ne, cajin gabansa daban da na bayansa, kuma ƙiftawa ɗaya takan ninka raɗar nan sau da dama. Ga cije haƙora, ga ɗaure fuska, ga wutar bango mai kaɗawa sau 50 a daƙiƙa. Da bazara gumi kaɗai ya isa ya sa layin ya riƙa lilo.

Mai wayoyi 19 ko 32 yana da shaidu da yawa. Dabarar ICA takan gwama maganarsu ta ware muryar ido ta fitar. Kai shaidarka ɗaya ce, babu wanda zai gaskata ta ko ya ƙaryata ta, don haka duk abin da ka cire, bisa zato ka cire shi.

Wutar bango ba ta da wuya, siririyar rariya ta ishe ta, sai dai in da janareto kuke aiki ka duba, don kaɗawarsa takan kauce wa 50. Ƙiftawa ce mai wuyar sha'ani. Ƙarfinta yana ƙasa da kaɗawa 4 a daƙiƙa, daidai mazaunin igiyar delta, wadda ake nema a barci mai nauyi da kuma ƙwaƙwalwar da ta ji rauni. In ka zubar da duk abin da ke ƙasa da 4, ka zubar da gari tare da dusa. Ni ma ina saurayi na yi haka, na share sa'o'i ina neman barci mai nauyi a zanen da ni da hannuna na cire shi. Motsin tsoka ma haka yake shiga gonar beta, daga 13 zuwa 30.

Dabarun waya ɗaya, irin su wabilet da EMD wadda Norden Huang da abokan aikinsa suka fitar a 1998, suna warware siginar sili-sili ka tsince mai datti. Suna da amfani, amma kada ka yarda da su sai ka gwada. Samo guntun zane mai tsabta, ka ɗora masa ƙiftawar da ka sani, ka tace, ka kwatanta da na farko. Sannan ka sa mutum ya rufe ido, ka duba ko alfa, kaɗawa 8 zuwa 13 da Hans Berger ya bayyana a 1929, ta tsira. A goshi ba ta da ƙarfi kamar a ƙeya, saboda haka ka duba da natsuwa.

Gobe kafin ka kunna na'ura, goge goshin da kyau, ka sanyaya ɗakin, ka roƙi mutumin ya saki muƙamuƙinsa. Zauna kusa da shi kana rubuta lokacin da ya motsa ko ya haɗiyi yawu. Inda zanen ya lalace sosai, yanke wurin ka faɗi daƙiƙa nawa ka yanke. Ɗanyen zanen kuma ka adana shi daban, ka aiko mini da shi tare da tataccen mu duba tare.