Takobi da Tambari: Darasi daga Tarihin Gobir da Makidoniya

Kusan duk wanda ya tashi a Kurawa, ko Sabon Birni, ko Isa, ya ji sunan Bawa Jan Gwarzo, ya kuma san cewa kufan Alkalawa yana nan kusa da Gulbin Rima. Darasinmu na wannan fitowa zai dubi wata tambaya da wannan kufai yake tayarwa: da me sarki yake riƙe ƙasar da ya ci da yaƙi? Takobi yana buɗe ƙofar birni, amma ba ya sa talaka ya yarda a zuciyarsa cewa sabon mai gari shi ya cancanta. Wannan aiki na magana ne, na kirari da waƙa da labarin asali da rubutu. Shi ne abin da a yau ake kira farfaganda.

Yadda Gobir ta gina sunanta

A tsakiyar ƙarni na 18 Gobirawa suka matso kudu, suka zauna a ƙasar Zamfara da iznin sarkinta. Ba a daɗe ba Sarkin Gobir Babari ya juya wa masu masaukinsa, ya ci Birnin Zamfara, ya mai da Alkalawa babban birninsa. Baƙon da ya zama mai gida yana bukatar hujja, fadar Gobir kuwa tana da masu kawo ta. Tambura suna sanar da fitowar sarki tun kafin a gan shi. Makaɗa da maroƙa suna jera sunayen kakanninsa da yaƙoƙin da suka ci, ba kasafai suke ambaton inda aka kore su ba. Inna, babbar mace a gidan sarauta kuma shugabar 'yan bori, tana ɗaura sarautar da duniyar iskoki. Akwai kuma labarin asali mai cewa Gobirawa daga gabas suka fito, har ana danganta su da Kibɗawan Masar. Ko laƙabin Jan Gwarzo makami ne, gama yana isa gari tun dawakai ba su iso ba.

Misali daga Makidoniya

Wannan dabara ta girmi Gobir ƙwarai. Littafin Makabiyawa na Ɗaya ya fara ne da labarin Iskandari, ɗan Filibus, sarkin Makidoniya. A shekara ta 334 kafin haihuwar Almasihu ya haye zuwa Asiya, yana shela cewa ya zo ne ya rama wa Helenawa ɓarnar da Farisawa suka yi musu a shekara ta 480. Ya tafi da marubuci, Kalistinis, domin ya rubuta nasarorinsa yadda za su yi daɗin ji a gida. A shekara ta 331 ya ziyarci masujadar gunkin Amun a Siwa, cikin hamadar Masar, daga nan labari ya bazu cewa shi ɗan wannan allah ne. Da ya nemi mutanensa su riƙa faɗuwa a gabansa irin na fadar Farisa, Kalistinis ya ƙi. Ba a jima ba aka zarge shi da hannu a makirci, aka kama shi, bai kuwa fita da rai ba.

Iskandari ya mutu a Babila a shekara ta 323, yana da shekara 32. Jarumawansa suka rarraba daular, kowa yana cewa shi ne magajin gaskiya. Talomi ya tare gawar a hanya ya kai ta Masar, ya buga kuɗi da hoton mamacin, ya kuma rubuta tarihin yaƙoƙin da hannunsa. Daga zuriyar wani jarumin aka sami Antiyokus na Huɗu, wanda ya laƙaba wa kansa sunan da ke nufin allah bayyananne, ya kuma ƙazantar da Haikalin Urushalima a shekara ta 167. Yabon da aka fara domin ƙarfafa soja ya ƙare a kan neman sujada.

Ranar da magana ta kuɓuce wa fada

Mu komo gida. Wajen shekarar 1788 Sarki Bawa ya tara malamai a Magami lokacin Babbar Salla, ya raba musu kyautai. Shehu Usmanu Ɗan Fodiyo bai karɓa ba. A maimakon dukiya ya roƙi abu biyar: a bar shi ya yi wa'azi, kada a hana kowa amsa kiransa, a girmama masu rawani, a saki waɗanda ke kurkuku, a kuma sassauta wa talakawa haraji. Bawa ya amince. Kyautar sarki takan sayi bakin mai karɓa. Wanda ya ƙi ta, bakinsa nasa ne.

Sarakunan da suka biyo baya sun ga hatsarin. Nafata ya yi doka cewa ban da Shehu kada wani ya yi wa'azi, kada wanda bai gaji Musulunci ba ya shige shi, kada kuma a sa rawani ko lulluɓi. Dokar ba ta tsai da kome ba, domin waƙoƙin wa'azi na Fulatanci da Hausa sun riga sun shiga rugage da kasuwanni, inda tambarin fada ba ya kaiwa. A watan Fabrairu na 1804 Shehu ya yi hijira zuwa Gudu. A watan Yuni aka karya rundunar Sarki Yunfa a Tabkin Kwatto, a shekarar 1808 kuma Alkalawa ta faɗi, aka kashe Yunfa.

Wa ya rubuta labarin?

Yawancin abin da ake karantawa game da wannan zamani daga alƙalamin waɗanda suka yi nasara ya fito. A cikin Kitabul Farƙi, Shehu ya lissafa laifofin sarakunan Haɓe, irin su haraji mai nauyi, da ƙwace, da sa mutane su zuba ƙasa a ka wajen gaisuwa. Muhammadu Bello ya rubuta Infaƙul Maisuri a 1812. Kukan talakawa da suka ambata gaskiya ne, littattafan kuma taska ce ga mai neman ilimi. Duk da haka ɓangare guda ne na shari'ar. Shehu Alkanemi na Borno ya yi musayar wasiƙu da Bello yana ƙalubalantar hujjar yaƙin. Abdullahi, ƙanen Shehu, shi da kansa ya koka cewa son mulki da dukiya ya shiga zukatan waɗansu mayaƙan jihadi.

Gobirawa kuwa sun adana nasu labarin a bakin makaɗa da dattawa. Bayan an kashe Sarki Ali a Gawakuke a 1836, waɗanda suka ƙi miƙa wuya suka kafa Tsibiri kusa da Maraɗi ƙarƙashin Mayaƙi. Daga baya Ɗan Halima ya rabu da su ya kafa Sabon Birni. Da Turawan Ingila suka ci Sakkwato a watan Maris na 1903, Lugga ya ari hujjar da ya tarar: ya ce kamar yadda Fulani suka sami mulki da yaƙi, haka yanzu ya koma hannun Ingila. Iyakar da aka ja ta bar Tsibiri a hannun Faransa, Sabon Birni a hannun Ingila.

Abin koyi a gare mu

Aikin da tambari yake yi a dā, yau rediyo da wayar hannu suke yinsa. A shekarar 2021 mutanen Sabon Birni da Isa sun ga yadda 'yan bindiga suka ɗora wa ƙauyuka haraji, suka riƙa sakin hotunan bidiyo domin su tsorata jama'a, har aka yi wa wani shugabansu waƙar yabo. Wanda ya tura irin wannan saƙo gaba ya zama maroƙinsu ba tare da an biya shi ba. Haka nan lokacin zaɓe, mawaƙi yana yabon wanda ya cika masa aljihu.

Saboda haka, kafin mu gaskata magana ko mu yaɗa ta, mu tambayi kanmu: wa ya faɗa, wa zai amfana, muryar wa aka danne? Mu girmama shugabanni, mu yi musu addu'a, amma sujada ta Allah ce shi kaɗai. Mu kuma kiyaye kada mu mai da tsohon tarihi sanda ta dukan maƙwabci, ko Bagobiri ne, ko Bafillace, ko Bazamfare. Ramin ƙarya ƙurarre ne.

Tambayoyi domin tattaunawa a zumunta

1. Me ya sa ƙin karɓar kyauta a Magami ya ƙara wa maganar Shehu nauyi?
2. Wane labari ne muka taɓa yaɗawa ba tare da mun binciki tushensa ba?
3. Yaya za mu faɗa wa shugaba gaskiya ba tare da raini ba?